Kundin Aikin Inuwa na Aji Biyar

Litinin, 15 ga Satumba

Taron malamai ya amince. Aji biyar za su yi wannan zangon a kan jigo guda, wato inuwa. Tambayar da za mu liƙa a bango ita ce: za a iya sanin lokaci da tsawon abu ta hanyar inuwa kaɗai? Abin da za mu fitar a ƙarshe biyu ne, agogon rana a filin makaranta wanda zai yi aiki da gaske, da ɗan littafin bayani wanda 'yan aji uku za su karanta su fahimta ba tare da wani ya tsaya a kansu ba.

An kawo shawarar ruwa, an kawo ta tsirrai. Na tsaya a kan inuwa saboda ba a sayenta, kuma kullum tana sauyawa, don haka yaro ba shi da hanyar saninta sai ya auna. Jigon da ba ya tilasta wa yaro awo ko lissafi ko rubutu ado ne kawai.

Hedimasta ya kafa sharaɗi, kuma sharaɗin ya yi mini: manhaja tana nan yadda take, darasin lissafi da na karatu na safe ba za a taɓa su ba. An ba mu yammacin Talata da na Alhamis, da minti goma kullum da rana tsaka. Ni da malamar da muke raba ajin mun baje manhajar muna bi layi-layi. Awo, lambobi masu ɗigo, kusurwa, jadawali, haske, juyawar duniya, rubutun bayani da na umarni, duk sun shiga da kansu. Sauran mun bar su a inda suke.

Juma'a, 19 ga Satumba

Kafin a koyar da komai na raba takardu, na ce kowa ya zana kansa tsaye a rana da inuwarsa, ya kuma rubuta lokacin da inuwa ta fi tsawo da dalili. Abin da ya fito ya isa a yi tunani. Da yawa sun zana inuwar tana nufar wajen rana. Wasu sun raba ta da ƙafafunsu, tana gefe kamar wani mutum dabam. Wasu sun sa mata ido da baki. Amsar da ta fi yawa ita ce inuwa ta fi tsawo da rana tsaka, "saboda lokacin rana ta fi ƙarfi". Waɗannan yara ne da suka taka inuwarsu tun suna tatata, amma gani dabam, lura dabam.

Ban gyara wa kowa ba. Na kulle takardun a durowa, sai ƙarshen zango.

Talata, 23 ga Satumba

Mun kafa sanda. Tsawonta daga ƙasa mita ɗaya cif, mun miƙar da ita da igiya mai dutse a ƙasa kamar yadda magina ke yi. Da gangan na zaɓi wannan makon, domin a cikinsa ne dare da wuni suke daidaitawa, rana tana kan layin da ya raba duniya biyu. Ban gaya musu haka ba tukuna. Doka ta farko da muka rubuta a allo: ba a kallon rana kai tsaye, ko na ƙiftawar ido.

Awon farko ya zama rikici. Inuwa ɗaya, sanda ɗaya, lokaci ɗaya, amma wani rukuni ya ce 19, wani 21, wani 26, wani kuma 210. Na durƙusa na kalli yadda suke yi. Masu 19 sun aza tef ɗin a karkace daga gefen sanda. Masu 26 sun bar shi da lanƙwasa, ba su ja shi ba. Masu 210 sun karanta milimita, kuma da aka duba su ne daidai da masu 21. Akwai yaro guda da yake fara ƙidaya daga 1 a kan rula maimakon sifili, kuma da na tambaye shi sai ya ce, "Malam, ai ƙidaya daga ɗaya take farawa." Yana da hujjarsa.

Na dakatar da aikin fili. Muka koma aji, na tsaya a gaban allo na koyar da awo irin koyarwar da aka saba: ga sifili, ga santimita, ga milimita goma a cikinta, kowa ya auna littafinsa, ya auna na maƙwabcinsa, a sake. Abin da na lura shi ne ba wanda ya yi hamma. Wannan darasin na sha yinsa a shekarun baya yara suna kallon taga. Yau suna son su san wane rukuni ne ya yi gaskiya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mun ɗan yi ja-in-ja da malama a ofis. Ra'ayinta shi ne na yi gaggawar shiga, da na bar su sun gano kuskuren awon da kansu. Na ce mata, "Malama, wanda bai san inda sifili yake ba, me zai gano?"

Wannan gardama ta girme mu duka. A 1918 William Kilpatrick na Jami'ar Columbia a Amurka ya wallafa maƙalar da ta yaɗa koyo ta hanyar aiki, inda ya ɗora komai a kan niyyar yaro da sha'awarsa. Malaminsa John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago tun 1896, shi ne ake jingina wa wannan tafarki, amma a 1938 shi da kansa ya rubuta yana jan kunnen masu ganin cewa 'yancin yaro yana nufin malami ya naɗe hannu. Daga ɗaya ɓangaren kuma, a 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun fitar da maƙalar da har yau ake jayayya a kanta. Hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka sabon shiga da aka sake shi ya lalubo hanya yakan ƙare ƙarfinsa a lalube, bai koyi komai ba. Wanda ya riga ya san abu shi ne bincike ke yi wa amfani.

Inda muka tsaya ni da ita: abin da ɗan Adam ya ƙirƙira ya amince a kai, kamar santimita da digiri da yadda ake zana jadawali, a koyar da shi kai tsaye, don ba a gano shi a fili. Abin da sanda da rana za su nuna da kansu, mu rufe bakinmu. Ba ta gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma mun sami abin aiki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yau muka bi inuwa wuni guda. Kowace awa rukuni ɗaya ya fita, ya sa alamar fenti a bakin inuwa, ya rubuta tsawo da lokaci. Daga sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya muka koma duk minti goma.

Da safe inuwar tana yamma, doguwa. Tana ta janyewa tana juyawa, bayan rana ta karkata sai ta koma gabas tana miƙewa. Masu cewa ta fi tsawo da rana tsaka sun yi tsit, ban ce musu uffan ba. Gani ya kori ji.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne inuwa mafi gajarta ba ta zo da sha biyu daidai ba, sai da aka wuce da 'yan mintoci. Wata yarinya ta ce, "Malam, agogon ofis ne ya lalace." Aka duba wani agogon, duk ɗaya. Na bar su da abin har bayan hutu, sannan na ba su abin da ba za su iya ganowa a fili ba. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa, digiri ɗaya a minti huɗu. Su suka yi rabawar a allo. Agogo kuwa yarjejeniya ce: yanki mai faɗi yana bin lokaci guda, alhali rana ba ta kaiwa tsakiyar sama a lokaci ɗaya ga na gabashin yankin da na yammacinsa. Akwai dalili na biyu, cewa tsakar rana ta gaskiya tana ɗan gaba tana ɗan baya a cikin shekara, har kusan minti 16 a farkon Nuwamba, saboda karkatar duniya da yanayin zagayenta. Wannan na ambata kawai na wuce, ya fi ƙarfin aji biyar.

Yarinyar ta sake ɗaga hannu: "To wanne ne na gaskiya, na rana ko na agogo?" Na rubuta tambayar a bango ƙarƙashin ta farko.

Talata, 14 ga Oktoba

Gajimare, babu inuwa. Mai riƙe da jadawali ya so ya cike gurbin da lambar da ke tsakanin ta jiya da wadda yake tsammani gobe, don kada layin ya yi giɓi. Aka yi muhawara ta minti biyar, aji ya yanke a rubuta "ba a auna ba". Wannan ba ya cikin manhaja ko a layi ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Abu biyu suka taso a wannan makon, kuma tushensu ɗaya.

Na farko aikin rukuni. A kusan kowane rukuni an sami mai kaifin kai da ya ƙwace tef da biro, sauran suna riƙe masa jaka. Sakamakon rukunin yana kyau, amma yaro ɗaya ne ya koya. Yanzu aiki yana zagayawa kullum: mai awo, mai rubutu, mai duba awo, mai bayani ga aji. Kuma ni nake zaɓen wanda zan tambaya, ba su ba. Tun da aka fara haka, masu kaifin kan sun koma koya wa 'yan uwansu, don sun san idan na tambayi mai shiru ya kasa, rukunin ne ya kasa. Kowa kuma yana da nasa littafin awo ban da na rukuni.

Na biyu shi ne zuciyarmu mu malamai. Jigo yana da daɗi, sai mutum ya so ya cusa komai a ciki. An kawo shawarar a yi waƙar inuwa a darasin kiɗa, a yi wasan taka inuwa a motsa jiki, a ɗauki mako biyu ana yanka kwali don wasan kwaikwayon inuwa. Na ƙi na ƙarshen a yadda aka kawo shi. Masanin halayyar koyo Daniel Willingham yana da magana da nake auna kowane aiki da ita, cewa abin da yaro ya yi tunani a kansa shi yake tunawa. Mako biyu na almakashi da gam, tunanin yaro yana kan almakashi da gam. Mun rage shi zuwa yamma ɗaya, da tambaya a gaba: yaya za ka sa inuwar kwalinka ta ninka girma ba tare da ka sauya kwalin ba? Nan suka yi ta matsar da shi kusa da tocila da nesa da ita suna aunawa.

Ingila ta taɓa bin wannan hanya har ƙarshenta. Bayan rahoton Plowden na 1967, wani rahoton gwamnati a kan ilimin firamare, koyarwa bisa jigo ta cika makarantun firamare a can. A 1992 wani rahoto da Robin Alexander da Jim Rose da Chris Woodhead suka rubuta wa gwamnati ya soki yawancin irin wannan aiki da cewa a warwatse yake, ba zurfi, yara suna kwafe-kwafe daga littattafai ba tare da tarihin ko kimiyyar ta zauna ba. Finland ma da ake yawan cewa ta soke darussa, ba ta soke ba. Manhajarta ta 2014, wadda ta fara aiki a 2016, ta bar lissafi da harshe da sauransu a matsayinsu, ta dai wajabta wa kowace makaranta aƙalla aiki ɗaya a shekara da zai haɗa darussa da dama. Rabon kashi da muke yi da safe ba shi da alaƙa da inuwa, kuma ban ga dalilin ƙaƙaba masa ita ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ranar bishiya. Na nuna musu babbar bishiyar bakin fili na ce ina son tsawonta, ba hawa, ba jifa da igiya. Suka yi ta kewaye ta. Can wani yaro da ba ya cika magana ya je ya auna inuwar sandarmu, ya samu santimita 150. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, inuwar ta fi sandar da rabi. To ta bishiyar ma haka ne?" Na ce ya gwada da abin da ya san tsawonsa. Suka gwada da rula, suka gwada da ɗaya daga cikinsu, duk ninki ɗaya da rabi. Inuwar bishiya ta ba da mita 12. Raba 12 da 1.5 ya ba su wuya, nan ma na koma allo na ɗan lokaci, aka samu mita 8.

Rukuni ɗaya ya samu amsa dabam, don sun auna sandar kafin hutu, bishiyar kuma bayan hutu. Su da kansu suka gano dalili, kuma wannan kam na bar su suka gano, domin duk abin da suke bukata suna da shi a littafinsu tun ranar 9.

Bayan an gama na ba su labarin da marubutan dā suka kawo, cewa Thales, masanin Girka, ya auna tsawon dalar Masar da inuwarta fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Yaron ya tambaya ko shi ma sanda ya yi amfani da ita.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Wani uba ya zo. Cikin ladabi ya ce, "Malam, yaron nan kullum labarin sanda da rana yake kawo mini. Jarrabawa fa?" Tambaya ce mai kyau. Na buɗe masa littafin ɗansa: jadawalin awo na mako shida, lambobi masu ɗigo, zanen da ke nuna tsawon inuwa awa-awa, sakin layi uku na bayani da aka gyara aka sake rubutawa. Na nuna masa wuraren da waɗannan suke a manhaja. Ya ce zai sa ido, na ce haka nake so.

Ban yi masa alkawarin cewa wannan hanya ta fi kowace ba, domin binciken da ake da shi bai ce haka ba. A jihar Michigan ta Amurka an gwada koyar da kimiyya ta hanyar aiki ga 'yan aji uku a makarantu 46, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna sun fi takwarorinsu a gwajin kimiyya. Amma malaman an ba su darussa tsararru da horo mai ɗorewa. A Ingila kuwa gidauniyar EEF, mai ɗaukar nauyin bincike a kan hanyoyin koyarwa, ta fitar da rahoto a 2016 kan gwajin da aka yi da 'yan shekarar farko ta sakandare: ba a ga ci gaba a karatu da rubutu ba, har akwai alamar yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi sun ja baya, ko da yake makarantu da dama sun fice kafin a gama, abin da ya rage ƙarfin sakamakon. Wannan alamar ita ta fi damuna. Yaron da ke da mai taimaka masa a gida zai cike giɓin da aikin rukuni ya bari. Wanda ba shi da kowa, abin da ba a koya masa a aji ba ya wuce shi. Shi ya sa duk Juma'a nake ɗan gwaji na tambaya biyar, kowa shi kaɗai, don in ga wanda rukuni ya ɓoye.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Jadawalin tsakar rana ya fara magana. A watan Satumba santimita 21, a ƙarshen Oktoba ta haura 40, yanzu tana neman 60, kuma kullum tana nuna arewa. Sanda ba ta ƙara tsawo ba. Me ya sauya?

Mun rufe tagogi, muka kafa ashana da ɗanko a jikin ƙwallon duniya, muka haska tocila. Da ƙwallon yana tsaye sak, inuwar ashanar ba ta sauyawa duk inda aka zagaya da shi. Da aka karkata shi, kamar yadda duniya take karkace da kimanin digiri 23 da rabi, sai inuwar ta yi tsawo a wani gefen zagayen ta gajarce a wani. Na ce su yi hasashe a rubuce: yaushe inuwarmu za ta daina ƙaruwa? Amsar tana wajajen 21 ga Disamba, amma ban faɗa ba.

Daga nan labarin Eratosthenes ya zo a kan gaɓa. Shi ne shugaban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya san cewa a Syene, Aswan ta yau, akwai ranar da rana take tsaye a ka ba inuwa, alhali a Iskandariyya a ranar inuwa tana nuna kusurwar kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, kimanin digiri 7.2. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50 ya samu kewayen duniya, kuma bai yi nisa da abin da aka sani yau ba, wajen kilomita 40,000. Da na ba da wannan labarin a watan Satumba da ya zama tatsuniya. Yau sun raba 360 da 7.2 kafin in nema.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Gwajin ɗan littafi. Muka ba 'yan aji uku umarnin da 'yan aji biyar suka rubuta na yadda ake auna inuwa, da sharaɗin marubutan su tsaya gefe, hannu a baya, baki a rufe. Umarni na farko ya ce "ka kafa sanda". Ƙaramin ya kafa ta a ƙarƙashin bishiya. Wani ya ce "ka auna", bai ce daga ina zuwa ina ba, sai aka auna sandar. Marubutan kamar su fashe. Sun koma sun sake rubutawa ba tare da na sa jan biro ko sau ɗaya ba, kuma a karo na biyu kalmomi irin su "da farko", "bayan haka", "daga gindin sanda zuwa bakin inuwa" sun bayyana.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Agogon ranarmu ya fara ƙarya. Alamomin awa da muka sa da fenti ranar 9 ga Oktoba ba su dace da inuwa yanzu ba, musamman na safe da na yamma. Dalili shi ne sanda a tsaye take, hanyar rana a sama kuwa ta gusa kudu, don haka inuwar ƙarfe tara ta yau ba ta kwanta inda ta Oktoba ta kwanta ba. Maganin sananne ne: a karkata sandar ta nufi arewa, ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kanta, kusurwarta da ƙasa ta zama daidai da nisan wurin, a digiri, daga layin tsakiyar duniya. Irin wannan agogo ne masanin taurari Ibn al-Shatir ya ƙera wa babban masallacin Dimashƙa a wajajen 1371.

Kusurwar tana cikin littafinsu. A ranar da dare da wuni suka daidaita, kusurwar da inuwar tsakar rana ke nunawa ita ce wannan nisan. Suka zana sanda mai santimita 10 da inuwa mai 2.1 a takarda, suka haɗa layin, suka aza ma'aunin kusurwa, ya ba su wajen digiri 12.

Na maimaita gwajin zane na watan Satumba. Inuwa mai nufar rana ta kusa ɓacewa, kuma kusan kowa ya san lokacin da ta fi gajarta. Dalilin tsawaitarta daga wata zuwa wata kuwa bai zauna ba: da yawa sun rubuta cewa rana ce ta yi nisa da duniya. Wannan yana bukatar darasi na kai tsaye, da ƙwallo da tocila a hannun kowane rukuni, ba a hannuna ba. Rabawa da lamba mai ɗigo ma akwai waɗanda har yanzu suke tuntuɓe a kanta, na ware su don safiyar Litinin da Laraba.

Ranar Talata za a yanka katakon sabuwar sanda a kafa ta, layin arewa kuma za mu ɗauke shi daga inuwa mafi gajarta ta ranar. Sai a sake sa alamomin awa da alli tukuna, a duba su mako guda kafin a kawo fenti. Ana bukatar wanda zai ci gaba da awon tsakar rana a lokacin hutu don a kama ranar da inuwa za ta juya, kuma maigadin makaranta ya ce a bar masa tef da littafin.